Babi na Shida: Insha'in Muhawara a kan Tafa wa Tsohon Ɗan Wasa

6.0 Gabatarwa

Insha'in muhawara shi ne rubutun da ake yi a kan batun da ra'ayin jama'a ya rabu a kansa, inda marubuci zai ɗauki ɓangare guda ya kare shi da hujjoji, ba tare da ya ɓoye hujjojin ɗaya ɓangaren ba. A lokacin gwajin koyarwa, an sha ganin ɗalibi ya shiga aji da batutuwan nan da aka gada kaka da kakanni, wato tsakanin likita da malami wa ya fi amfani, ko kuwa zaman birni da na ƙauye wanne ya fi. Yara sun haddace amsoshin waɗannan tun suna firamare, saboda haka abin da ake ji a aji tilawa ce kawai. Wannan babi zai ɗauki batun da yara ke musu a kansa da kansu, a bakin gidajen kallon ƙwallo da kuma hanyar makaranta, a bi shi daki-daki domin ɗalibi ya ga yadda ake tankaɗe batu a rairaye shi kafin a ɗora alƙalami. Ga batun:

"Ya kamata magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa su tafa wa tsohon ɗan wasansu idan ya ci ƙungiyar tasu."

6.1 Warware Kalmomin Batu

Rabin gardamar da ake yi a aji takan faru ne saboda kowane ɓangare da ma'anar da ya ba kalma. Don haka aikin farko shi ne a tsayar da ma'ana.

A fara da "tsohon ɗan wasa". Wannan yankin jimla yana ɗauke da ma'ana uku. Yana iya nufin ɗan wasa mai yawan shekaru, ko wanda ya daina wasa baki ɗaya, ko kuma wanda ya taɓa yi wa wata ƙungiya wasa sannan ya koma wata. Ma'ana ta uku ake nufi a nan, irin wadda ke cikin "tsohon gwamna" da "tsohuwar matarsa", inda sifar take nuna gushewar matsayi ko da mai shi yaro ne ɗanye. Mallakar da aka liƙa a "ɗan wasansu" ita ce ta taimaka wajen ware wannan ma'ana.

Sai kalmar "tafi". Ɗalibi ya lura cewa a rubutun yau da kullum ba a bambanta ta da aikatau "tafi" na barin wuri, alhali a furuci wasulan ta farko dogaye ne, na ta biyu kuwa gajeru. Yara kan rubuta "su tafi masa", wanda kuskure ne. Daidai shi ne "su tafa masa" ko "su yi masa tafi". Ta fuskar ma'ana kuma, tafi a filin wasa iri-iri ne. Akwai na maraba, akwai na yaba gwaninta, akwai na godiya, har ma da na shaguɓe, wanda 'yan kallo kan yi wa alƙalin wasa idan daga ƙarshe ya busa musu hukuncin da suka daɗe suna jira.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a batun ita ce "ci". Sanannen abu ne cewa wannan aikatau yana cikin mafiya yalwar ma'ana a Hausa. A fagen ƙwallo kaɗai ana cewa ya ci ƙwallo, wato ya zura ta a raga. An ci wasa, wato an yi nasara. An ci kofi, wato an ɗauki gasa. An ci ɗan wasa tara, wato an yanke masa biyan kuɗi. A fagen zamantakewa kuma akwai cin amana da cin mutunci da cin fuska da cin zarafi. Idan magoyin baya ya ce, "Wane ya ci mu," yana iya nufin abin da ya faru a raga kawai, amma sau da yawa muryarsa na nuna cewa har da amanar yake nufi. Malamin da ya iya sa yara suka raba waɗannan biyu, suka tambayi kansu ko cin ƙwallo yana zama cin amana, da kuma yaushe yake zama hakan, ya gama rabin darasinsa.

"Ya kamata" kuma mataki ne a tsakiyar tsani. Samansa akwai "dole ne" da "wajibi ne", ƙasansa akwai "babu laifi". Mai goyon bayan batu ba a ɗora masa nuna cewa tafin wajibi ne ba, amma nuna cewa babu laifi a cikinsa bai wadatar ba. Mai suka shi ma ba sai ya nuna cewa tafin abin kunya ne ba. Ya ishe shi ya nuna cewa barinsa ya fi dacewa.

Akwai kuma tafin da batun bai shafa ba sam. A watan Nuwamba na 2005 magoya bayan Real Madrid sun miƙe sun tafa wa Ronaldinho na Barcelona a filinsu na Bernabeu, bayan ya ci su ƙwallo biyu a wasan da aka tashi 3 da nema. Haka kuma a watan Afrilu na 2018 magoya bayan Juventus sun tafa wa Cristiano Ronaldo a Turin saboda ƙwallon da ya ci su da baya yana sama. Ronaldinho bai taɓa yi wa Madrid wasa ba, Ronaldo kuma a lokacin bai koma Juventus ba tukuna. Tafin gwaninta ne wannan, kuma yaron da ya kawo shi a matsayin hujja ya fita daga batu.

6.2 Abin da ya Faru a Filin Wasa

Muhawara ba ta tsayuwa a kan "an ce". Ga wasu misalai tabbatattu da malami zai iya bai wa yara su yi aiki da su.

Denis Law ya yi wa Manchester United wasa daga 1962 zuwa 1973, ya ci mata ƙwallo 237, sannan ya koma maƙwabciyarta Manchester City. A ranar 27 ga Afrilu, 1974, a filin Old Trafford, ya ci United da dunduniya ana dab da tashi. Bai yi murna ba, aka canza shi ya fita kansa a sunkuye, 'yan kallo suka kwararo cikin fili, aka dakatar da wasan, sakamakon kuma ya tsaya a 1 da nema. A wannan shekara United ta faɗa rukuni na biyu. Har yau ana yawan cewa ƙwallon Law ce ta jefa ta, amma sakamakon sauran wasannin ranar ya riga ya tabbatar da faɗuwar ko da bai ci ba. Wannan misali yana da amfani biyu a aji, domin yana kuma koya wa yara cewa yawan maimaita magana ba ya mayar da ita hujja.

Gabriel Batistuta, ɗan ƙasar Ajantina, ya zauna a Fiorentina ta Italiya daga 1991 zuwa 2000, kuma bai gudu ba lokacin da ta faɗa rukuni na biyu a 1993. Da ya koma Roma, ya ci Fiorentina ƙwallo ɗaya tilo da ta raba gardama a watan Nuwamba na 2000. Abokan wasansa suka rufe shi suna murna, shi kuwa yana hawaye. Henrik Larsson na Suwidin ya ci wa Celtic ƙwallo 242 cikin shekara bakwai, ya koma Barcelona a 2004, ƙuri'ar Gasar Zakarun Turai kuma ta mayar da shi filin Celtic a watan Satumba na shekarar. Ya ci ƙwallo ta uku a wasan da Barcelona ta yi nasara da 3 da 1, shi ma bai yi murna ba.

Misalin da yara suka fi sani shi ne na Cristiano Ronaldo. Ya bar Manchester United a 2009 bayan shekara shida, Real Madrid ta saye shi a kan fam miliyan 80. A watan Maris na 2013 ya dawo Old Trafford, aka tarbe shi da sowa da tafi kafin a take wasa. Bayan an ba Nani jan kati, Modric ya farke wa Madrid, sai Ronaldo ya ci ta biyu, wadda ta fitar da United daga gasar. Ya ɗaga hannuwansa kamar mai neman gafara. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Satumba na 2014, Frank Lampard, wanda ya fi kowa ci wa Chelsea ƙwallo a tarihinta da 211, ya shigo daga benci a rigar Manchester City ya farke ƙwallon da Chelsea ta ci, aka tashi kunnen doki 1 da 1. Magoya bayan Chelsea da suka bi ƙungiyarsu zuwa Manchester sun rera sunansa, shi kuma ya je gabansu ya tafa musu bayan tashi.

Akwai ɗaya fuskar. Emmanuel Adebayor na Togo ya bar Arsenal zuwa Manchester City a 2009 ana zaman doya da manja tsakaninsa da 'yan kallo. A watan Satumba na shekarar ya ci Arsenal da ka, ya sheƙa a guje tun daga wannan raga har waccan, ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban magoya bayanta. Aka yi ta jifa, har wani ma'aikacin fili ya ji rauni, hukumar ƙwallon Ingila kuma ta ci Adebayor tarar fam 25,000. Robin van Persie kuwa, wanda ya bar kyaftin ɗin Arsenal ya koma Manchester United a 2012, ya ci Arsenal a watan Nuwamba na shekarar bai yi murna ba, amma hakan bai hana a yi masa ature ba da ya je filin Emirates a watan Afrilu na 2013, inda ya sake cin su da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Abin lura a nan shi ne, a mafi yawan misalan da ake kafa hujja da su, tafin da ya tabbata ya zo ne kafin wasa ko bayansa. Yaro zai ce, "An tafa wa Ronaldo da ya ci United." Sai malami ya tambaye shi: a wane minti?

6.3 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Babbar hujjar masu goyon baya ita ce halacci. Mutumin da ya ba ƙungiya ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, ya karye ya warke a cikin rigarta, bai kamata ƙwallo guda ta shafe masa shekara goma ba. Wanda ya manta da wannan, sunansa butulu. Suna ƙarawa da cewa sau da yawa ƙungiya ce ke sallamar ɗan wasa idan ƙafarsa ta fara nauyi, kamar yadda United ta sallami Law kyauta, kuma babu adalci a kori mutum sannan a zarge shi da neman abinci a wani gida. Hujja ta uku ita ce, wanda ya tafi yana iya dawowa. Ronaldo ya koma United a 2021, Lampard ya koma Chelsea a matsayin mai horarwa a 2019, a nan gida ma Ahmed Musa, wanda ya bar Kano Pillars a 2010, ya sake sanya rigarta a 2021.

Masu suka ba su musanta halacci ba, idan dai sun iya muhawara. Tambayarsu ita ce, halaccin wa ya fi kusa a wannan minti? A daidai lokacin da ƙwallo ta shiga raga, akwai mai tsaron gida kwance a ƙasa, akwai 'yan baya da aka yanke, dukansu sanye da rigar ƙungiya. Su ne 'yan gida a yau. Idan suka ɗaga kai suka ga mutanensu na tafa wa wanda ya kayar da su, da wane ƙarfi za su tashi su nemi ramuwa? Kalmar "magoyin baya" kanta daga goyo ta fito, kuma mai goyo ba ta sauke ɗan da ke bayanta don ta yi wa baƙo rawa. Wannan hujja tana da ƙarfi ƙwarai, kuma ba kasafai yara ke gano ta da kansu ba, saboda kyamara kan bi wanda ya ci ne, ta bar wanda aka ci.

Suna da wata hujjar kuma da ta shafi ɗan wasan kansa. Ƙin yin murna, a ganinsu, tauye haƙƙin sababbin magoya baya ne, waɗanda suka sayi tikiti kuma da kuɗinsu ake biyan albashinsa. Har ila yau al'adar ta yi yawa har ta fara rasa daraja, domin akan ga wanda ya yi zaman aro na 'yan watanni a ƙungiya yana haɗa hannuwa yana sunkuyar da kai, kamar shi ma Batistuta ne. Wannan suka gaskiya ce.

Akwai wani rukuni da ɓangarorin biyu kan manta da shi, kuma shi ne ya fi yawa a ajin da ɗalibi zai koyar. Yawancin masu kallon ƙwallon Turai a ƙasar nan ba a garuruwan ƙungiyoyin aka haife su ba, kuma da dama sun shiga ƙungiya ne ta dalilin ɗan wasa guda. 'Yan Nijeriya masu yawa sun fara son Arsenal ne saboda Nwankwo Kanu, wanda ya yi mata wasa daga 1999 zuwa 2004. Da ya ci Arsenal a rigar West Bromwich Albion a watan Oktoba na 2005, a wasan da Arsenal ta sha kashi da 2 da 1, irin wannan magoyin baya ya samu kansa a tsaka mai wuya, domin wanda ya kawo shi gidan shi ne ya ci gidan. Hukuncin da za a yi wa mutumin Landan da ya gaji kujerar kallo daga kakansa ba lalle ne ya hau kan wannan ba.

6.4 Karin Magana a Muhawara

Yara na son rufe baki da karin magana, kuma alƙalan muhawara a makarantu kan ba da maki mai yawa a kansa. Ya kamata malami ya yi hattara. A wannan batu mai goyon baya zai ce da tsohuwar zuma ake magani, mai suka ya mayar masa da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wancan ya ce alheri gadon barci, wannan ya ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Za a iya kwana ana haka ba a matsa ko taki ɗaya ba, domin taskar karin maganar Hausa ta tanadar wa kowane ɓangare nasa. Aikin karin magana shi ne ya ƙawata hujjar da aka riga aka kafa, ya sa ta zauna a zuciya. "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski" ya dace da bayanin cewa Lampard ba shi da zaɓi sai ya buga ƙwallon da ta zo ƙafarsa, amma sai an fara faɗin wanda ke biyansa da abin da aka ɗauke shi ya yi.

6.5 Tsayar da Matsayi

Insha'in muhawara ba ya ƙarewa da "kowa da gaskiyarsa". Matsayin da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa, idan aka auna hujjojin da suka gabata, shi ne wanda ya raba lokaci uku. Lokacin da tsohon ɗan wasa ya shigo fili baƙo ne, kuma tarbarsa da tafi ta dace, gwargwadon abin da ya yi wa gidan da kuma yadda ya bar shi. Lokacin da aka tashi, ko aka canza shi yana fita, nan ma wurin godiya ne. Amma a daidai lokacin da ya ci, abin da ya dace da magoya baya shi ne kara, wato su kame bakinsu daga zagi saboda abin da ya wuce, su kuma kame hannunsu daga tafi saboda 'yan wasansu da ke fili. Shirun da ake yi a irin wannan lokaci girmamawa ce, kuma daidai yake da karar da ɗan wasan ya yi musu da ya ƙi murna. Bisa ga haka, batun kamar yadda aka tsara shi da "ya kamata" da "idan ya ci" bai tabbata ba, ko da yake wanda zuciyarsa ta rinjaye shi ya tafa wa irin su Larsson ba a ce ya yi laifi ba.

Inda babu sassauci shi ne jifa da cin zarafi. An jefa wa Luis Figo kan alade a filin Barcelona a 2002, shekara biyu bayan ya koma Real Madrid. Duk yadda aka kai ga jin zafin tafiyar mutum, babu wata ma'anar goyon baya da ta haɗa da wannan. Ɗalibi na iya saɓa wa matsayin da aka ɗauka a sama game da tafi, muddin ya amsa hujjar mai tsaron gida da ke kwance a ƙasa, bai tsallake ta ba.

6.6 Gabatar da Darasin a Aji

Batun yana da zafi, kuma zafin ne amfaninsa da haɗarinsa. Kada malami ya raba aji bisa ƙungiyoyin da yara ke so, domin nan take darasi zai koma gidan kallo. Ya fi kyau ya raba su da ƙuri'a, ta yadda magoyin bayan Arsenal zai iya samun kansa yana kare Van Persie. Kada kuma ya bayyana tasa ƙungiyar. Waɗanda ba su damu da ƙwallo ba, maza ko mata, a ba su alƙalanci da tsayar da ma'anar kalmomi, don sukan fi kowa ganin inda hujja ta yi rauni.

Daga nan sai a kawo batun kusa. A gasar makarantu yakan faru yaron da ya yi wa makaranta wasa shekara uku ya koma wata, saboda an yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki ko saboda kuɗin makaranta, sannan ya dawo ya ci tsofaffin abokansa. Ba a sayar da shi ba, ba shi da albashi, kuma da yamma unguwa ɗaya za su koma. Malamin Hausa da aka haɗa wa kula da wasanni, kamar yadda aka saba a makarantun da ke da ƙarancin malamai, shi ne zai tsaya tsakanin wannan yaro da ɗaruruwan yara masu jin haushi. Abin da aka tattauna a aji ranar Talata shi ne zai yi masa aiki a bakin fili ranar Alhamis.

6.7 Jinga

1. Kawo jimloli shida da aikatau "ci" ya fito a cikinsu da ma'ana daban-daban, uku daga fagen wasa, uku daga zamantakewa, ka bayyana ma'anar kowace.

2. Sauya "ya kamata" da ke cikin batun zuwa "babu laifi". Wane ɓangare ne aikinsa ya yi sauƙi, kuma me ya sa?

3. Rubuta insha'in muhawara da bai wuce kalma 450 ba a kan misalin Adebayor ko na Van Persie, ka ɗauki ɓangaren da ya saɓa wa ra'ayinka, ba tare da ka yi amfani da karin magana fiye da ɗaya ba.